Maganin da babu magani cikinsa: aikin palasebo a kan tunzurin hanji

Ciwon da za mu duba a nan shi ne wanda likitoci ke kira da faransanci syndrome de l'intestin irritable, mu kuma za mu ce masa tunzurin hanji. Mai shi yana fama da murɗar ciki da kumburi, yau zawo, gobe taurin bayan gida, amma in an yi awo ba a tarar da gyambo ko tsutsa ko ƙari. Bisa ƙa'idodin Roma na huɗu (2016), sai ciwon cikin ya riƙa zuwa aƙalla rana ɗaya kowane mako cikin wata 3 kafin a ba shi wannan suna. Tun da na'ura ba ta ganin kome, abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa shi ne ma'auni.

Palasebo kuwa ƙwaya ce, ko wani aikin jiyya, da babu sinadarin magani cikinsa. A shekara ta 2010 Ford da Moayyedi sun tara gwaje-gwaje 73, suka tarar kashi 37,5 cikin ɗari na waɗanda aka ba palasebo sun ce sun samu sauƙi. Kuskure ne a ɗora adadin nan duka a kan palasebo. Ciwon yana tashi yana kwantawa, mutum kuma ba ya neman likita sai ran da ya tsananta. Ko ba a ba shi kome ba, akwai yiwuwar sauƙi ya biyo baya.

Don raba waɗannan abubuwa ne Ted Kaptchuk da abokan aikinsa na jami'ar Harvard, a Amurka, suka kasa majinyata 262 gida uku (2008). Na farko an bar su suna jira. Na biyu an yi musu allurar Sin ta ƙarya, wadda ba ta huda fata, ba tare da hira ba. Na uku allurar ƙaryar ce dai, amma a ganawar farko an ba su minti 45 ana tambayar su, ana sauraron su. Bayan mako 3, masu cewa sun samu isasshen sauƙi kashi 28 ne, da 44, da 62. A ganinmu tazarar da ke tsakanin 44 da 62 ita ce abin lura, don allurar ɗaya ce. Sauraro kaɗai aka ƙara.

Shin sai an yaudari majinyaci? A 2010 aka gwada da mutum 80, aka gaya ma rabinsu a fili cewa ƙwayar palasebo ce. Duk da haka kashi 59 suka ce sun ji sauƙi, a kan 35 na waɗanda ba a ba kome ba. Sai dai a yi hattara: mako 3 kawai aka yi, kowa kuma ya san rukuninsa, kuma mutum yakan faɗa wa likita abin da yake jin zai faranta masa rai.

Yadda abin ke aiki bai gama fayyacewa ba. Tun 1978 aka nuna cewa naloksan, maganin da ke toshe aikin sinadaran rage zafi na ƙwaƙwalwa, yana rage ƙarfin palasebo bayan cire haƙori. Da Vase da abokan aikinta suka gwada shi ga masu tunzurin hanji a 2005, bai hana sauƙin ba.