Risiba Mai Naɗar Shiri: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Faifan Ajiya

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua ba ta shanu da raƙuma kaɗai ba ce. Wanda ya sayar da bijimi, aljihu ya yi nauyi, yakan ratsa ta wajen masu kayan lantarki kafin ya nemi mota, kuma cikin abin da ake tayawa har da risiba mai naɗar shiri, wadda ake soka wa filash ko faifan ajiya ta adana abin da tasha ke nunawa. Masu sonta suna da hujja. Maigida yana hanyar Daura ko Kongolam lokacin labarai, uwargida tana madafa sa'ad da Arewa24 ke nuna Daɗin Kowa, da azumi kuma tafsirin wannan malami yakan ci karo da na wancan. Sai dai zantuttukan da ke yawo a kan wannan na'ura sun fi tashoshin da take kamawa yawa, kuma wasunsu na cin kuɗin mutane.

Wanda ya fi kowanne yaɗuwa shi ne wai babban faifai yana buɗe tashoshin kuɗi, a ga ƙwallon Ingila ba tare da biyan kuɗin wata ba. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Tashoshin DStv da ke saukowa daga tauraron Eutelsat a digiri 36 gabas, da na Canal+ da maƙwabta a Damagaram da Matamaye ke kallo, a kulle suke zuwa, mabuɗinsu kuma yana cikin kati ko cikin dikodar kamfanin. Faifai rumbu ne kawai: abin da aka zuba shi zai riƙe, girmansa ba ya noma hatsi. Tashar da risiba ba ta iya nunawa a allo ba za ta zama abin kallo ba don an naɗe ta.

Ƙanwar wannan jita-jita ita ce wai faifai mai tsada yana gyara hoto. A'a. Risiba ba ta sake sarrafa hoton, tana kwafe bayanan da tauraro ya aiko ne yadda suka zo. Idan dish ya karkace, ko hadarin Agusta ya toshe sigina har hoto ya riƙa tsinkewa, haka naɗin zai fito da tsinkewarsa. Tsohuwar risiba ta zamanin MPEG-2 kuwa, wadda ba ta gane tashoshin da suka koma MPEG-4 ko H.265, faifai ba zai koya mata ba. Maganinta sabuwar risiba.

Akwai kuma ƙorafin da yake kama da gaskiya amma ba ita ba ce. Mutum ya sayi faifan da aka rubuta wa tera 1, ya kai gida, na'ura ta nuna masa giga 931, sai ya dawo yana cewa an yi masa sata. Babu wanda ya taɓa masa komai. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, kwamfuta da yawancin risibobi kuma suna ƙirga da 1,024, shi ya sa mai giga 500 yake bayyana a matsayin 465. Faifan lafiyarsa ƙalau.

To, awa nawa zai ɗauka? Nan ma ana yawan cika baki, alhali lissafin a fili yake. Tashar da ke aiko da megabit 2 a daƙiƙa, kamar yadda ƙananan tashoshin kyauta masu hoto na gama-gari kan yi, tana cin kusan giga ɗaya a awa, tera 1 zai riƙe mata fiye da awa 1,000. Tasha mai hoton HD da ke aiko da megabit 8 tana cin giga 3.6 a awa, faifan nan ɗaya ba zai kai mata awa 300 ba. Saboda haka mai shagon da ya yanke wa mai saye adadi guda ba tare da ya tambaye shi tashar da yake kallo ba, ƙiyasi yake yi. Ga gidan da burinsa tafsiri da wasan kwaikwayo na mako-mako, giga 500 ya isa har ya yi saura, kuɗin da za a ƙara a sayi tera 2 gara a sa shi a batir.

Zancen cewa kowane faifai yana shiga kowace risiba shi ne inda aka fi yin asara, domin rabinsa gaskiya ne. Ramin USB ɗin iri ɗaya ne, amma abu uku na iya hana aiki. Na farko tsarin da aka shirya faifan da shi. Risibobi da yawa FAT32 ko NTFS suke ganewa, FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, shi ya sa wasan ƙwallo na awa biyu a HD yakan fito gida biyu. Ba lalacewa ba ce. Na biyu girma: tsofaffin risibobi suna amfani da tsarin rabon faifai na MBR wanda iyakarsa tera 2, wanda ya kawo musu mai tera 4 ko dai su ƙi ganinsa ko su ga rabi. Na uku, wanda ya fi damun mutane, wuta. Ramin USB 2.0 bisa ƙa'ida miliamfiya 500 yake bayarwa a bolt 5, ƙaramin faifai irin na kwamfutar cinya kuwa yakan nemi fiye da haka lokacin da zai fara juyawa. Idan bai samu ba sai a ji yana ƙas-ƙas, risiba ta ce ba ta ga komai ba, mai shi ya ɗauka faifan ya mutu. Sau da yawa da an haɗa shi da kwamfuta sai ya tashi. Babban faifai na kwamfutar tebur kuwa ba ya tashi sam sai da cajarsa ta bolt 12.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: in risiba ta nemi ta yi wa faifai fomatin, duk abin da ke ciki zai tafi, har hotunan biki.

Sai batun naɗar wata tasha ana kallon wata. Masu talla suna faɗarsa kamar kowace risiba tana yi. Galibin masu araha na'urar kama tasha guda ɗaya ce a cikinsu, don haka ba sa iya sauraron mita biyu a lokaci ɗaya. In ana naɗar wata tasha, sai dai a kalli 'yan'uwanta da ke kan mita ɗaya da ita, in ma risibar ta yarda. Mai son ya naɗi tashar Makka a Nilesat yana kallon wata a wani tauraro dabam, sai ya nemi risiba mai na'urar kama tasha guda biyu, ya kuma ja mata waya biyu daga kan dish.

Dikodar kamfani kuwa dokarta dabam ce. DStv Explora ta fito a 2013 da faifan tera 2 a cikinta, amma kamfanin ya keɓe wani kaso nasa don shirye-shiryen da yake turowa da kansa. Ana cewa za a iya cire faifan a kai wa masu tura fina-finai su kwashe abin da ke ciki. Ba ya yiwuwa, domin naɗin a kulle yake, kuma cin moriyarsa yana rataye da biyan kuɗin wata. Buɗe cikin dikodar ma yana zubar da garanti. Naɗin risibar tashoshin kyauta ne ake iya buɗewa a kwamfuta, yawanci a fayil mai ƙarshen .ts. Ko shi ɗin, kallo a gida dabam, sayarwa dabam: Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ba ta ba kowa damar kwafe shirin wani ya riƙa turawa a waya yana karɓar kuɗi ba, kuma masu shirya fina-finan Kano sun daɗe suna kuka da wannan ɗabi'a.

Cikin abin da ake faɗa akwai na gaskiya. Gaskiya ne ba sai talabijin tana kunne ake naɗi ba, risiba kaɗai ke buƙatar wuta, abin da ke rage wa mai sola nauyi. Gaskiya ne kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar naɗi tana iya lalata fayil, wani lokaci har tsarin faifan baki ɗaya, don haka a yankin da wutar KEDCO ke zuwa tana tafiya, ƙaramar inbata ta fi ƙarin giga amfani. Zafi ma abokin gaba ne. Galibin faifai masu juyawa an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 55 zuwa 60, a garin da zafin Afrilu ke haura 40 a inuwa kuwa, faifan da aka ɗora a kan risiba mai zafi, aka lulluɓe da ƙyalle don gudun ƙura, ba shi da nisa da wannan iyaka. Faifai irin na SSD ba shi da abin da ke juyawa, ba ya cin wuta sosai, sai dai tsada.

Masu cewa agogon naɗi ba ya aiki kuwa, sau da yawa lissafin lokaci ne ya kuɓuce musu. Nijeriya da Nijar agogonsu ɗaya, awa ɗaya gaba da GMT, Makka kuma tana gabanmu da awa biyu. Shirin da tashar Saudiyya ta sanar da ƙarfe 9 na dare, a Mai'adua ƙarfe 7 zai fara.

Game da cewa kayan da suka tsallako ta Nijar sun fi na Kano ko Legas inganci, hanya ba ta sauya na'ura. Yawancinsu daga masana'antun Sin suke, jabu kuma yana bin kowace hanya, har da masu ɗauke da sunan Strong. Inda jabu ya fi muni shi ne filash. Akwai wanda ake yi wa dabara ya riƙa nuna tera 1 ko 2 alhali cikinsa bai wuce giga 8 ko 16 ba. Zai karɓi naɗi ba gardama, sunayen shirye-shirye su jeru reras, ranar kallo a tarar na farkon duk an taka su da na baya. Arhar da ta wuce hankali ita ce alamar farko. Gwajin kuma ba shi da wuya ga duk mai shagon kwamfuta a Daura ko titin Beirut a Kano: manhajar H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi ainihin abin da ya riƙe. Faifai na hannu da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta shi ma yana ajiye tarihinsa a cikinsa, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara samun gurɓatattun wurare. Mai saye yana da damar ya ce a gwada a gabansa, a kuma soka faifan a irin risibarsa a naɗi minti goma a kalla, kafin ya ƙirga kuɗi.