Kififiya A Cikin Gida: Kwano Da Ruwa Bai Isa Ba

Da zarar damina ta kankama, kududdufai suka cika, sai ka ga yara suna komowa gida da abubuwa iri iri. Wani ya zo da talibambam a gwangwani, wani da 'yan kifaye, wani kuwa da kififiya, watau kunkurun ruwa. Haka ya faru a gidanmu wata shekara. Ƙaramin ɗanmu ya shigo da ita a cikin hularsa, ba ta fi tafin hannunsa ba, yana roƙo a bar masa. Muka ce to. Muka ba shi tsohon kwano, ya zuba ruwa, ya ajiye ta a ƙarƙashin gado, yana jefa mata ɓarɓashin tuwo safe da yamma. Bayan kamar wata uku idanunta suka kumbura, ƙoƙon bayanta ya yi laushi, wata safiya muka iske ta mutu. Yaron ya sha kuka, mu kuwa muka ce kwana ne ya ƙare. Sai daga baya muka gane mu ne muka kashe ta da rashin sani.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne kififiya ba ta kuka, ba ta haushi, ba ta ramewa a gani kamar akuya. Tana iya yin watanni tana ciwo, masu gida suna tsammani lafiyarta ƙalau.

Iri biyu ne aka fi samu a hannun yara. Akwai tamu ta kududdufi da fadama, wadda idan ta tsorata sai ta lanƙwasa wuyanta gefe ɗaya ta ɓoye kai, wani lokaci har ta saki wari. Da rani takan binne kanta cikin laka, ta jira ruwa ya sauka. Akwai kuma baƙuwa mai jan zane a bayan ido, wadda akan sayar a kantunan dabbobi na manyan birane. Asalinta daga yankin kogin Misisipi ne a Amurka. Sa'ad da ake sayar da ita ba ta fi bakin kofin shayi ba, amma macen takan kai santimita 25 zuwa 30, watau faɗin faranti, tana kuma iya yin shekara 20 zuwa 30 a duniya. Yaron da ya karɓe ta yana aji uku na firamare zai yi aure tana nan. Ya kamata iyaye su san wannan tun kafin su ce to.

Ruwa da tudu

Masu kiwonta suna da wani ma'auni mai sauƙi: kowane inci ɗaya na tsawon ƙoƙonta, a ba ta ruwa kamar lita 40. Ke nan wadda ta kai inci 4 tana bukatar lita 160, jarka takwas ta lita 20. Wanda ya ji wannan zai ce abin ya yi yawa, amma dalilin a fili yake. A cikin ruwan nan take ci, a ciki take kashi. Ruwa kaɗan yakan ɓaci kafin rana ta faɗi.

Ba lalle sai an sayi akwatin gilashi mai tsada ba. Babban bahon roba ya isa, ko durom na roba da aka yanka a kwance, muddin ba a taɓa zuba masa mai ko maganin ƙwari ba. Zurfin ruwa ya kai aƙalla ɗaya da rabi na tsawon ƙoƙonta, domin idan ta kife ta iya juyowa. Kada mu manta da huhu take numfashi kamar mu. Idan dutse ya danne ta a ƙasa, ko ta maƙale a wani lungu, nutsewa za ta yi ta mutu. Kada a zuba ƙananan tsakuwa a gindin bahon, gama takan haɗiye su, su toshe mata hanji. Bakin bahon kuma ya yi tsawo, don ta fi yadda ake zato iya hawa.

Sa'an nan sai tudu. A sa gungumen itace ko falalen dutse mai gangara, inda za ta hau ta bushe sarai har cikinta. Wadda ba ta samun wurin bushewa, ƙoƙonta yakan fara ruɓewa, ya yi tabo-tabo yana wari.

Idan ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, domin maganin da ake sa masa ya ragu. Wanda ke da na'urar tace ruwa ya sauya kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. Wanda ba shi da ita, ko inda ake yawan ɗauke wuta, sai ya riƙa sauyawa bayan kwana biyu ko uku.

Rana ita ce maganin

A nan ne muka yi babban kuskurenmu, a nan kuma yawancin mutane suke yi. Ƙoƙon kififiya ba riga ba ce da ta sa. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinta da ƙashin bayanta suna haɗe da shi, akwai jini da jijiya a ciki. Shi ya sa huda gefensa a ɗaura igiya, kamar yadda wasu ke yi wa kunkuru, azaba ce. Ƙashin nan yana bukatar sinadarin kalsiyam, jiki kuwa ba ya iya shan kalsiyam daga abinci sai da bitamin D. Fatar kififiya ce ke yin wannan bitamin sa'ad da wani sashi na hasken rana, wanda ido ba ya gani, ya sauka a kanta. In babu shi, ko ana ba ta abinci mai kyau, ƙoƙo zai yi laushi, ƙafafu su raunana, baki ya kasa tauna.

To, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan hasken ba ya ratsa gilashin taga. Ajiye baho a bayan gilashi yana kawo zafi kawai. A ƙasashen sanyi dole su sayi fitila ta musamman da ake kira UVB, su kunna ta awa 10 zuwa 12 kowace rana, su kuma sauya ƙwan bayan wata 6 zuwa 12, gama ƙarfinsa yakan ƙare ko da yana ci gaba da haske. Mu da muke da rana kyauta, abin ya zo mana da sauƙi. A ajiye bahon a baranda ko bakin ƙofa inda hantsi ke shigowa kai tsaye, ko a fitar da ita tsakar gida da safe na awa ɗaya ko biyu, sau da yawa a mako.

Amma a yi hattara. Ranar bazara, ta watan Maris da Afrilu, tana iya dafa ƙaramar kififiya a cikin ruwa marar zurfi kafin a gama wanke-wanke. Kullum rabin bahon ya kasance a inuwa, wani kuma ya zauna kusa saboda shaho, kare da kyanwa.

Sanyi ma yana da nasa. Jikinta ba ya ɗumama kansa. Ta fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, tudun shan rana kuwa 30 zuwa 35. Da hunturu, a Disamba da Janairu, musamman a wurare kamar Jos, ruwan da ya kwana a waje yakan yi sanyi ƙwarai. A shigar da bahon ɗaki da dare, nesa da iskar taga. Idan ta rage ci a lokacin, ba abin tsoro ba ne. Amma idan tana iyo a karkace, ko kumfa na fita daga hancinta, ko tana buɗe baki tana neman iska, ciwon huhu ne, sai a nemi likitan dabbobi.

Me za ta ci?

Ba tuwo ba, ba burodi ba, ba ragowar miya mai gishiri da mai ba. Tamu ta kududdufi mai cin nama ce: tana, fara, gyare, shinge, dodon-koɗi, da ƙananan kifaye ɗungum da ƙayarsu, gama a ƙashin ne kalsiyam yake. Tsokar nama zalla ba ta da shi, kada ta zama abincin kullum. Kada kuma a ba ta ƙwarin da aka tsinta bayan an fesa magani a ɗaki ko a gona. Baƙuwar mai jan zane tana ƙarama nama ta fi so, amma in ta girma rabin abincinta ko fiye ya zama ganye: kainuwa, latas mai duhun kore, da ɗan karas ko kabewa da aka goge. Waɗannan biyun suna da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kumbura idanu, kamar yadda ya faru da tamu. Ana kuma sayar da abincinsu na gwangwani, 'yan dunƙule-dunƙule masu yawo a kan ruwa.

A cikin ruwa take haɗiya, saboda haka a ruwa za a ba ta. Dabara mai kyau ita ce a ɗauke ta a sa a wani ƙaramin kwano da ruwa, ta ci a can, sa'an nan a mayar da ita. Ƙarama ta ci kowace rana, babba bayan kwana biyu ko uku, gwargwadon girman kanta. Za ta yi ta miƙo wuya kamar ba ta taɓa ci ba. Kada yara su biye mata.

Lafiyar yaranmu

Wannan ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. Kififiya mai ƙoshin lafiya ma tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da ake kira salmonela, a cikin hanjinta, a kan ƙoƙonta, da cikin ruwanta. Ita ba ta jin kome, amma ga mutum tana kawo gudawa, zazzaɓi da ciwon ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan ta shiga jiki. Babba yakan warke cikin mako guda. Jariri kuwa gudawa tana iya zuƙe masa ruwan jiki ta kai shi ga halaka. A Amurka abin ya yi yawa har a shekarar 1975 gwamnati ta hana sayar da duk kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, domin irinsu ne yara ƙanana ke sa wa a baki.

Saboda haka gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko tsoho, ko mai doguwar jinya, gara ya haƙura da kiwon nan. Inda za a yi, duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu nan da nan. Uwargida, kada ki yarda a wanke bahonta a madafa ko kusa da randa, kada kuma kwanon cin abincinta ya koma cikin kwanukanki. A ware mata soso da bokiti nata. Tsohon ruwan a zubar a bayan gida ko gindin itace, ba a kan ganyen da za a ci ɗanye ba, ba kuma inda yara ke rarrafe ba.

Idan muka auna duk wannan muka ga ba za mu iya ba, wadda aka kamo jiya ko shekaranjiya a mayar da ita kududdufin da aka same ta, yaron ya raka mu ya sake ta da hannunsa. Baƙuwar mai jan zane kam kada a sake ta a ruwayenmu. A ƙasashe da yawa waɗanda aka yasar sun yaɗu, suna ƙwace abinci da wurin shan rana daga na gida, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigo da ita a 1997. Ita sai dai a nemi wani mai hali ya karɓa, a kuma gaya masa shekarun da za ta yi a hannunsa.