Wa Ke Ɗaukar Kiranka Idan Ka Buga 300?

Duk wanda katinsa ya taɓa maƙalewa ya san muryar nan mai cewa ka danna kaza domin Hausa, kaza domin Turanci. Tun 2023 hukumar NCC ta mayar da 300 lambar kai ƙorafi a dukkan layukan Najeriya. Ni da can ban taɓa tunanin abin da ke bayan muryar ba, sai da SIWES ta kai ni wani ƙaramin kamfani mai haɗa wa ofisoshi waya.

Ga yadda abin yake. Kira yana shigowa kwamfutar ofishi ta intanet, bisa ƙa'idar da ake kira SIP. Saƙon farko yana ɗauke da lambobi biyu: ta mai kira da wadda aka kira. Manhajar da muke aiki da ita Asterisk ce, wadda Mark Spencer ya fara rubutawa a Amurka a 1999. A cikinta akwai jerin dokoki, kamar ɗan kamasho a tasha: ina za ka? Ga motarka can. Tana duba lambar da aka kira, ta duba agogo, sannan ta miƙa kiran ga wanda ya dace: muryar zaɓi, ko layin jiran ma'aikaci, ko akwatin barin saƙo idan an tashi aiki.

To yaya take gane abin da ka danna? Kowane maɓalli sauti biyu ne a haɗe. Lamba 1, misali, haɗin 697 ne da 1209 a ma'aunin Hertz. Shi ake kira DTMF, kuma an zaɓi sautukan ne yadda muryar mutum ba za ta yi saurin kwaikwayonsu ba.

Inda na sha kunya shi ne ranar da oga ya ba ni tsara kiran wani ɗakin shan magani. Na rubuta doka ga mai danna 1, na rubuta ga mai danna 2, na manta da wanda bai danna komai ba. Ashe tsofaffi da yawa sallama suke yi su jira a amsa. Bayan 'yan daƙiƙu layi ya katse musu, alhali wani maganin hawan jini yake nema. Kwana biyu ana haka kafin a gano. Gyaran layi ɗaya ne tak: a Asterisk akwai doka mai suna "t" domin wanda ya yi shiru, sai ta kai shi wajen mutum.

'Yan uwa masu neman aikin kammala ND, Asterisk kyauta ce, tsohuwar kwamfuta mai Linux ta ishe ku. Amma kafin ku kai wa malami, ku ba kakarku wayar ta gwada.