Barandar katako: Haɗarin yana daidai inda ta haɗu da bango

Tsakar daren Lahadi, 29 ga watan Yunin 2003, wasu matasa na liyafa a wani gidan bene da ke unguwar Lincoln Park a birnin Chicago na ƙasar Amurka. Da cikin gida ya yi musu kaɗan, sai suka fito barandar katako da ke bayan ginin. Ba a jima ba barandar hawa na uku ta rabu da bango, ta rufto kan ta ƙasa da ita, duka suka zube. Mutum 13 suka rasu, 57 suka jikkata. Bincike ya nuna an yi barandar ba da izinin hukuma ba, katakon da aka sa bai kai kaurin da ya kamata ba, kuma sukuran da aka ɗaure ta da su a bango gajeru ne.

Shekara 12 bayan haka, ranar 16 ga watan Yunin 2015, irin wannan ta faru a Berkeley ta jihar Kalifoniya. Mutum 13 na tsaye a barandar wani gidan haya ana bikin zagayowar ranar haihuwa, sai katakan da ke riƙe da ita suka karye. Shida suka rasu a ranar, biyar daga cikinsu ɗalibai ne 'yan ƙasar Ireland. Ginin bai cika shekara goma ba. A nan ruwa ne ya yi ɓarnar: ya samu hanya ya shiga inda katakan suka fito daga bango, ya ruɓar da su daga ciki. Wannan ya sa a 2018 jihar ta yi dokar da ta wajabta duba irin waɗannan barandu duk shekara shida a gidajen haya masu sassa uku ko fiye.

Baranda ko dandamalin katako da ake jingina wa gida ya fi zama ruwan dare a Amurka da Kanada, inda su kansu gidajen da katako ake yin su. Amma abin ya iso Abuja. Ana ganinsa a wuraren cin abinci da lambunan shaƙatawa, ana kuma ganinsa a gidajen zama. Tun da aka fara sayar wa ma'aikata gidajen gwamnatin tarayya a 2005, mai gida ya samu damar yi wa gidansa ƙari, wani ya fitar da ɗaki, wani ya yi rumfar mota, wani ya yi wurin shan iska a sama. Sau da yawa hoton da aka gani a waya ake miƙa wa kafinta a ce ya yi irinsa. Hoton kuwa yana nuna shimfiɗar katako mai sheƙi, ba ya nuna abin da ke riƙe da ita.

Katako guda da ke ɗauke da rabin nauyi

A tsarin da aka saba, gefe ɗaya na barandar yana tsaye kan ginshiƙai, ɗaya gefen kuma yana rataye jikin wani dogon katako da ake ɗaurewa a kwance a jikin bango. A jikinsa ne ƙananan katakan da ke ɗauke da shimfiɗar suke kamawa. Ke nan kusan rabin nauyin barandar da na mutanen da ke kanta yana kan wannan katako guda.

Ƙa'idar gina gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi ta daɗe tana lissafa wa kowace murabba'in mita ta baranda nauyin mutane da kaya kimanin kilo 195. Barandar da ke da mita uku a faɗi, huɗu a tsawo, dole ta iya ɗaukar fiye da kilo 2,300, ban da nauyin katakonta. Fiye da tan guda ke nan a kan bango. A ranakun da ba kowa sai mai gida da kujerarsa, ba za a ga aibin komai ba. Ranar suna ko walima, da baƙi suka taru wuri ɗaya, sannan ne aikin kafinta zai fuskanci nauyin da aka yi shi dominsa.

Shi ya sa waccan ƙa'ida ta hana a dogara da ƙusa wajen wannan ɗauri. Ƙusa tana iya jure nauyin da ke danna ta ƙasa na wani lokaci, amma ba ta da ƙarfin hana a zare ta. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kowace shekara ramin ƙusar na ƙara faɗi. Ga motsin mutane da ke jan barandar waje sannu a hankali. Baranda mai ƙusa ba ta cika yin gargaɗi ba, zarewa take yi gaba ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne dogon noti ko sukuru mai kaurin rabin inci, da washa, a jera su sama da ƙasa bi da bi don kada katakon ya tsage a layi ɗaya. Tazarar da za a bari tsakaninsu ta danganta da faɗin barandar, kuma lissafinta aikin injiniya ne.

Bangonmu daban yake

A nan ne kwaikwayon hoto ke da haɗari. A Amurka notin yana ratsa katakon ya kama wani katako mai ƙarfi na jikin ginin. Ko a can ma an hana ɗaure baranda a jikin jan bulon da ake yi wa gida ado da shi, domin ba don ɗaukar nauyi aka sa shi ba. Gidajenmu na Kubwa, Lugbe, Gwarinpa ko Karu kuwa da bulon siminti da yashi ake yin su, mai inci tara ko shida, kuma cikinsa rami ne. Abin da noti zai kama siririn gefen bulon ne kawai, ga shi an san yadda wasu masu buga bulo ke tsuke hannu wajen siminti. Irin notin da ke buɗewa a cikin rami ya kama, don kankare aka yi shi. A bulo mai rami yakan farfasa gefen ya yi sako-sako, filasta kuma ta rufe asirin.

Mafita biyu ce. Ta farko, a ɗaure katakon a jikin kankare mai rodi, wato bakin dakin ko bim ɗin da ke zagaye ginin, bayan injiniya ya duba ya tabbatar zai ɗauki ƙarin nauyin kuma hudar ba za ta yanke rodi ba. Ta biyu, wadda ta fi sauƙi da kwanciyar hankali a yawancin gidajenmu, ita ce a bar bangon ya huta. A kafa wani jerin ginshiƙai kusa da bango, barandar ta tsaya da ƙafafunta, a bar 'yar tazara tsakaninta da ginin. Ginshiƙai biyu ko uku ne ƙarin kuɗin. Sai dai baranda mai cin gashin kanta tana buƙatar katakan tokare da ake gicciyawa tsakanin ginshiƙai, don kada ta riƙa lilo.

Ruwa da gara

Damina a Abuja takan ɗauki kusan wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ruwan da ke gangarowa jikin bango, idan ya iske katako manne da filasta, sai ya maƙale a bayansa inda iska da rana ba sa kaiwa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa ma yake. Maginan gargajiya sun san wannan, shi ya sa suke fitar da indararo nesa da jikin soro. Maganinsa a baranda shi ne a lanƙwasa fallen kwano, a cusa samansa cikin filasta a toshe, ƙasansa ya lulluɓe kan katakon ya zubar da ruwa waje. A sa shimfiɗar ta ɗan yi ƙasa da dokin ƙofa, ta ɗan karkata waje, a kuma bar tazarar kimanin milimita biyar tsakanin allunan don ruwa ya tsiyaye.

Abin da ruwa ya bari, gara na jiransa. Kada a binne ƙafar ginshiƙin katako cikin ƙasa ko cikin kankare. A zuba gindin kankare ya ɗago sama da ƙasa, a dasa takalmin ƙarfe a kai, ginshiƙin ya zauna a ciki. Babban katakon da ke ɗauke da sauran kuma ya zauna a kan ginshiƙi, kada a rataye shi a gefensa da ƙusa.

Wajen zaɓen katako a kasuwar Dei-Dei ko Kugbo, sunan itacen ya fi launinsa muhimmanci. Iroko yana jure ruwa da gara. Obeche mai laushi ne, ba ya daɗewa a waje. Ɗanyen katako zai tsuke ya murɗe bayan an gama aiki, ɗaurin ya saki. A auna kaurin da kai, domin ba kowane tu-bai-siks ne ke cika sunansa ba. Shafa baƙin mai a jiki ba ya kai wa cikin katako, maganin gara na ainihi ake so, a kuma sake shafa shi duk inda aka yanka ko aka huda. Noti da maƙalan ƙarfe su zama masu rufin tutiya ko waɗanda ba sa tsatsa, musamman da yake magungunan katako masu sinadarin jan ƙarfe suna saurin cin baƙin ƙarfe.

Sai shingen da ake jingina. Ƙa'idar Amurka ta wajabta shi ga duk barandar da ta haura santimita 76 daga ƙasa, tsayinsa kada ya gaza santimita 91, tazarar sandunansa kuma kada ta kai santimita 10, don kada yaro ya ratsa. Ginshiƙansa ma da noti ake ɗaure su.

Izini da dubawa

A Babban Birnin Tarayya, Sashen Kula da Gine-gine na hukumar AMMC ne ke ba da izinin gini da na yi wa gini ƙari, kuma baranda a hawa na sama ƙari ce. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya wayar gari da jan fenti a bangonsa. Amfanin neman izinin ya wuce tsira daga rusau, domin yana tilasta a kawo zane da lissafin injiniya mai rajista da COREN. Kafinta komai gwanintarsa ya san yanka da haɗi, lissafin nauyi kuwa fanni ne daban.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan baranda, ko yake haya a gidan da ke da ita, ya duba ta sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta. Ya shiga ƙarƙashi da tocila ya dubi inda ta haɗu da bango. Idan kawunan ƙusa kawai ya gani babu noti, ko ya ga tazara ta buɗe, ko jan tsatsa na zubowa, ko hanyar gara ta hau ginshiƙi, to akwai matsala. Ya soka sukurudireba a jikin katakon, idan ya nutse cikin sauƙi, ruɓa ta kama. Ya tsaya a kai ya girgiza, ya tura shingen ya ji ko yana motsi. Duk wadda ya gani a cikin waɗannan, ya rufe ƙofar barandar da makulli har sai an gyara, ɗan haya kuma ya sanar da mai gidan a rubuce.