Tsakanin Ajin Baftisma da Lokacin Shaida: Sauyin Sujada a Ikkilisiyoyin Arewa

Duk wanda ya san sujadar Lahadi a majami'un ECWA ko COCIN shekaru arba'in da suka wuce zai ga bambanci yau. A da, Littafin Waƙoƙi, karatun Nassi da doguwar wa'azi su ne ginshiƙi. Yanzu an ƙara da kiɗan jita da ganga, kwanan addu'a, azumin farkon shekara, da lokacin shaida inda mutum zai tashi ya faɗi abin da Allah ya yi masa a makon.

Kuskure ne a ce 'yan mishan koyarwa kaɗai suka kawo. SIM da ta fara a 1893 da SUM da Karl Kumm ya shigo da ita a 1904 duk 'ya'yan falkaswa ne, kuma ba sa yi wa mutum baftisma sai ya ba da labarin tubansa. Sai dai labarin nan a gaban dattawa ake ba da shi, bayan an daɗe a ajin baftisma, kuma ana auna shi da Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932. Ma'aunin nan ne ya yi sako-sako.

Iskar sauyin ta taso daga makarantu. A shekarun 1970 falkaswar Fentikos ta mamaye zumuntar ɗalibai a jami'o'i. Deeper Life kanta daga ajin nazarin Littafi da W. F. Kumuyi ya fara a Legas a 1973 ta tsiro. Living Faith ta David Oyedepo a Kaduna ta yi ƙarfi cikin shekarun 1980 kafin ta mai da hedikwatarta kudu. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar naira da albashi, magani ya yi tsada, aiki ya yi wuya. Mai takardar digiri da ba shi da abin yi, ko matar da aka daɗe ana yi mata gorin haihuwa, sun fi jin kiran wanda ya ce Allah zai taɓa matsalarsu yau a kan wanda ke bayyana musu ma'anar barata ta wurin bangaskiya. Harshe ma ya taka rawa: sababbin majami'u da Turanci suke sujada, matasan birni kuwa suna ganin sujadar Hausa ta iyaye ce. Da tsofaffin ikkilisiyoyi suka ga kujerun matasa suna zama wayam, sai suka buɗe sujadar Turanci, suka ari salon maƙwabta.

An ci riba, kuma bai kamata masu kukan lalacewar zamani su musa ba. Mutanen da a da sai dai su zauna su saurara yanzu suna addu'a da bakinsu. Mata, waɗanda Zumuntar Mata ta riga ta koya wa waƙa da kiɗan gargajiya, sun sami ƙarin fili. Matasa da yawa sun zauna a ikkilisiyoyinsu maimakon su fice.

Asarar ta fi ɓoyuwa. Shaida ta ƙuntata ta koma labarin nasara: an sami aiki, an sayi mota, an warke. Wanda ya yi azumi ya yi addu'a amma ɗansa ya mutu ba ya tashi ya yi magana, sai ya koma gida yana tuhumar bangaskiyarsa. Iko kuma yana zamewa daga majalisar dattawa da faston da ya yi karatun tauhidi a Bukuru ko Kagoro zuwa hannun duk wanda ya ce an nuna masa wahayi. Wa zai yi gardama da mafarkin wani? Tun a Koranti Bulus ya ga wannan haɗari, shi ya sa bai hana annabci da harsuna ba amma ya sa musu iyaka, ya ce sauran jama'a su auna abin da aka faɗa.

A ganina EYN ce ta fi nuna amfanin ma'aunin. Ikkilisiyar ta samo asali ne a Garkida a 1923, daga mishan da ke koyar da ƙin ɗaukar makami. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yanta, aka kuma mamaye hedikwatarta a Kwarhi. Wa'azin arziki ba shi da abin faɗa wa iyayen nan. Shugabannin EYN suka koma ga tsohuwar koyarwarsu, suka hana ramuwa, kayan agajin da suka samu kuma suka raba har da maƙwabtansu Musulmi da Boko Haram ta kora tare da su.