Me Ke Yaga Kujerar Baya?

Wani direba mai jigila tsakanin Magarya da Dungas, a jihar Damagaram, ya kai tsohuwar motarsa Peugeot 504 aka ɗinka wa majinginar kujerar baya sabuwar riga. Ba a jima ba ta yage daga ƙasa, ta hagu. Aka sake wata, ita ma ta yage, kuma a daidai wurin.

Direba ya ce ledar ce ba ta da ƙwari. Mai ɗinkin, dattijon da ya tsufa a sana'ar, ya kama ta ya ja iya ƙarfinsa, ko gezau. Zargi ya koma kan zare, amma ɗinki na nan daram, akwai tazarar yatsa uku tsakaninsa da yagar.

"Baba, ko fasinja ne? Wani da wuƙa a ƙugu yake shiga."

"Ɗana, dubi bakin yagar, waje ya turo. Mai ɓarnar nan a ciki yake."

Aka ce ɓera ne, sai dai ba kashinsa, ba alamar haƙori. Dattijo ya kwance majinginar, ya ɓalle zobban wayar da ke riƙe da rigar, ya ɗaga soso. Sai ga siririn rami ya huda shi, gefensa ja da tsatsa. A ƙarƙashi wata wayar ƙarfe ta karye, tsininta kamar basilla.

To me ya karya ta? Tsufa na da nasa kason, don tun 1968 ƙirar 504 ta fito a Faransa, an kuma daɗe da daina haɗa ta a Kaduna. Sauran amsar tana cikin but: ƙwayoyin wake da riɗi a lungu, ƙarfen bayan kujera ya lotsa. Duk Alhamis, ranar kasuwar Maigatari da ke tsallaken iyaka, ana danna buhuna har sai an ɗaure murfi da igiya. Kaya na turowa ta baya, mutum huɗu na jingina ta gaba, gargadar hanya na jijjigawa.

Mai walda ya haɗa wayar, aka shimfiɗa algarara tsakanin ƙarfe da sabon soso, aka ja rigar daga sama zuwa ƙasa, daga tsakiya zuwa gefe. Ba ta ƙara yagewa ba.

Direbobi, ku sassauta lodi. Masu ɗinki, ku duba ƙarfe kafin ku yanka leda, don kuɗin talaka da guminsa aka same shi.