Katin RTX 5090 da Fatalwar Voodoo

Ranar 30 ga Janairu 2025 kamfanin Nvidia na Amurka ya kai wani sabon katin sarrafa hoto kasuwa, mai suna GeForce RTX 5090. Wannan kati shi ne sashen kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, tun daga wasanni har zuwa taswirar ginin da injiniya ke tsarawa a biro. Kuɗinsa a lokacin fitowarsa dala 1,999 ne, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Wato ya haura miliyan guda na sefa tun kafin ƴan duwan su sa masa hannu.

Kati ne mai haɗama. Yana shan wuta har wat 575, kwatankwacin fankar rufi takwas suna juyawa tare, kuma kamfanin da kansa ya ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1,000. Mai niyyar kunna shi a Damagaram cikin watan Afrilu sai ya fara da neman na'urar sanyaya ɗaki. Wannan girma da wannan ci su suka sa dattawan sana'ar suka tuna da wani kati, Voodoo 5 6000, da kamfanin da ya mutu yana naƙudarsa.

An kafa 3dfx a Kalifoniya a 1994. Da ya fito da Voodoo a 1996, sannan Voodoo2 a 1998, babu mai ja da shi a fagen wasanni. Kuma a lokacin shi ba ya ƙera kati. Ƙwayar lantarkin da ke zuciyar katin kaɗai yake yi, ya sayar wa irin su Diamond da Creative, su kuma su harhaɗa, su sa sunansu, su kai kantuna. Ɗan sari ne mai ƴan kiri a kowace kusurwa.

Sai kwaɗayi ya shiga. A ƙarshen 1998 shugabannin 3dfx suka sanar da sayen kamfanin STB mai masana'anta a garin Huwares na Meksiko, domin ribar sari da ta kiri duk su zuba a aljihu ɗaya. Kowane Alhaji na babbar kasuwar Maraɗi ya san ƙarshen irin wannan lissafi: ranar da ka buɗe shago a gaban wanda ke sarin kaya a hannunka, washegari zai kwana a gidan abokin hamayyarka. Haka kuwa aka yi. Diamond da Creative suka karkata ga Nvidia da kuɗinsu da kantunansu. A watan Oktoba 1999 Nvidia ya fito da GeForce 256, alhali sabon kayan 3dfx sai ɗaga rana ake yi.

Voodoo 5 6000 shi ne makamin ƙarshe. Da yake ƙwaya ɗaya ba ta iya kamo ta Nvidia, sai aka jera huɗu a kan allo guda mai tsawon gaske, har aka tanadar masa akwatin wuta nasa na daban a wajen kwamfuta. Bai taɓa shiga kanti ba. A watan Disamba 2000 Nvidia ya saye dukiyar 3dfx a kan dala miliyan 70 da hannun jari miliyan ɗaya, a 2002 kuma kamfanin ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye.

To, ko Nvidia ya hau wannan turba? Masu faɗin haka suna da abin nunawa. Shi ma yana sayar da kati da sunansa, kuma a 2022 kamfanin EVGA, ɗaya daga manyan abokan cinikinsa, ya raba gari da shi yana kukan rashin mutuntawa. Amma a ganina kama da wane ba ta wane. Girman Voodoo 5 girman gazawa ne, shi kuwa RTX 5090 ya fito ne ba tare da wani kati da ya kai shi gudu ba. Nvidia bai kori Asus da MSI da Gigabyte ba. Abu mafi nauyi shi ne 3dfx haja ɗaya gare shi. A shekarar kuɗin Nvidia da ta ƙare a Janairu 2025, cinikinsa ya kai dala biliyan 130.5, biliyan 115 daga manyan cibiyoyin kwamfuta masu aikin ƙirƙirarriyar basira, wasanni kuwa biliyan 11 da ƴan kai. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai saye, domin ya zama ƙaramin abokin ciniki a gidan da dā shi ne ke ciyar da shi, kuma ƙaramin abokin ciniki ba ya taya kaya.

Ƴan samfurorin Voodoo 5 6000 da suka tsira suna hannun masu tara kayan tarihi. A 2023 an yi gwanjon ɗaya a eBay, ya tashi a dala 15,000, fiye da kuɗin RTX 5090 guda bakwai a farashin da ya fito da shi.